Asali da Rufin Asiri: Tarihin Zuriyar Mary Reibey a Ostareliya

1.0 Gabatarwa

A watan Nuwamba na shekarar 1828 gwamnatin mulkin mallaka ta New South Wales, wani yanki na ƙasar da a yau ake kira Ostareliya, ta gudanar da cikakkiyar ƙidayar jama'a ta farko. Ban da suna da shekaru da addini da sana'a, an nemi kowane mutum ya bayyana yadda aka yi ya sami kansa a ƙasar: ko da ƙafarsa ya zo, ko a nan aka haife shi, ko kuwa kotu ce ta koro shi. An kuma nemi sunan jirgin da ya kawo shi da shekarar zuwansa. Daga cikin waɗanda aka ƙidaya akwai wata attajira mai shekara 51 da ake kira Mary Reibey, mai gidaje da shaguna a tsakiyar birnin Sidni. Abin da aka rubuta a gaban sunanta shi ne, ta zo ƙasar a matsayin 'ya, cikin jirgin Mariner, a shekarar 1821.

Kowace kalma a cikin wannan bayani gaskiya ce, domin lalle ta sauka daga jirgin Mariner a 1821, kuma a ranar babu mai iko da wuyanta. Abin da bayanin ya binne shi ne cewa wannan zuwa na biyu ne. Zuwanta na farko ya auku ne shekara 29 kafin nan, cikin jirgin fursunoni mai suna Royal Admiral, tana yarinya 'yar shekara 15 da aka kama da laifin satar doki.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin wannan mata da 'ya'yanta da jikokinta, domin a nuna yadda gida guda ya tashi daga matsayin fursuna ya kai ga shugabancin gwamnati a cikin zuriya uku. Za a mai da hankali a kan rawar da suna da laƙabi da kalmomin rajistar hukuma suka taka a wannan tafiya, domin a al'ummar da gidan Reibey ya ginu a cikinta, kalmar da aka rubuta a gaban sunan mutum tana iya buɗe masa ƙofa ko ta rufe ta, shi da 'ya'yansa.

2.0 Hukuncin Kora a Dokar Ingila

A ƙarni na 18 dokokin Ingila sun tsananta ƙwarai a kan laifin taɓa dukiya. Zuwa farkon ƙarni na 19 laifuffukan da hukuncinsu kisa ne sun haura 200, kuma satar doki tana cikinsu. Da yake ba zai yiwu a rataye duk wanda aka kama ba, sai alƙalai suka riƙa musanya kisa da kora zuwa ƙetare, na shekara 7 ko 14 ko tsawon rai. Wata doka ta 1718 ce ta daidaita wannan tsari, kuma a ƙarƙashinta an kai fursunoni kimanin 50,000 zuwa yankunan da Birtaniya ke mulki a Amurka. Da yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke a 1775 sai wannan hanya ta toshe. Gidajen yari suka cika maƙil, har aka koma tsare fursunoni a cikin tsofaffin jiragen ruwa da aka ɗaure a kogin Thames.

Wannan cunkoso yana daga cikin dalilan da suka sa aka juya ga Ostareliya. A watan Mayu na 1787 ayarin jirage 11 ya tashi daga Portsmouth a ƙarƙashin Kyaftin Arthur Phillip, ya kuma kafa sansani a inda birnin Sidni yake a yanzu ranar 26 ga Janairu, 1788. Daga wannan shekara zuwa 1868, lokacin da jirgin fursunoni na ƙarshe ya isa Yammacin Ostareliya, an kai mutum kimanin 162,000, daga cikinsu mata wajen 25,000.

Ya kamata a bambanta wannan kora da irin wadda Turawa suka yi wa sarakunan da suka ci da yaƙi, kamar yadda suka kai Sarkin Kano Alu Yola sannan Lokoja bayan 1903. Waccan ɗaurin talala ne na siyasa, don a raba sarki da jama'arsa. Ita kuwa korar da ake magana a kanta hukuncin kotu ne da ya fi faɗa wa talakawa, kuma an haɗa ta da aikin tilas. Wanda ya koma Ingila kafin wa'adinsa ya cika, hukuncinsa rataya. Wanda kuma wa'adinsa ya cika, gwamnati ba ta biya masa kuɗin jirgin komawa. Saboda haka mafi yawansu suka zauna, suka zama 'yan kama-wuri-zauna a ƙasar da aka kai su a ɗaure.

3.0 Daga Molly Haydock Zuwa Mary Reibey

An haifi Molly Haydock a garin Bury na lardin Lancashire ranar 12 ga Mayu, 1777. Iyayenta sun rasu tana ƙarama, kakarta ce ta rene ta, daga baya aka sa ta aikatau a wani gida. Ta gudu daga gidan, ta yi shigar maza, ta kuma ari sunan James Burrow. Da wannan suna aka kama ta a Stafford da dokin da ba nata ba, tun ba ta cika shekara 15 ba. Hukuncin da ya tabbata a kanta shi ne kora ta shekara bakwai. Ke nan tun kafin ta bar Ingila ta riga ta san cewa suna riga ce da ake iya sa wa a tuɓe.

Jirgin Royal Admiral ya isa Sidni a watan Oktoba na 1792. Akwai wata wasiƙa da ta rubuta wa gwaggonta Penelope Hope a kwanakin saukarta, wadda ke ajiye a babban ɗakin karatu na jihar New South Wales. A cikinta ta nuna damuwa da cewa wasu suna gaya mata wai korarta ta har abada ce, alhali an shaida mata shekara bakwai ce, ta kuma ce za ta nemi hanyar barin ƙasar cikin shekara biyu ko uku. Hukuma ta ba da ita reno a gidan Manjo Francis Grose, kwamandan sojojin yankin, wanda ya riƙe mulki bayan tafiyar Phillip.

A watan Satumba na 1794, tana da shekara 17, ta auri Thomas Reibey, wani matashin ma'aikacin jirgin ruwa wanda ya taɓa aiki da Kamfanin Gabashin Indiya. Shi ba fursuna ba ne, da kansa ya zaɓi zama a ƙasar. Gwamnati ta ba shi fili a bakin kogin Hawkesbury, inda a wannan shekarar aka fara yanka wa Turawa gonaki. Noma bai riƙe shi ba. Ya shiga jigilar hatsi daga kogin zuwa Sidni, ya sayi ƙananan jiragen ruwa, ya ƙara da fataucin kwal da katako. A wajen 1805 ya haɗa jari da wani tsohon fursuna, Edward Wills, suka shiga farautar wata dabbar teku da ake nema don fatarta da kitsenta a mashigin Bass. Daga nan harkarsu ta kai tsibiran tekun Pasifik da Indiya. Ya gina gidan dutse kusa da tashar jiragen ruwa ta Sidni, ya sa masa suna Entally, sunan wata unguwa a birnin Kalkata. A duk tsawon tafiye-tafiyensa, matarsa ce ke riƙe da shago da lissafi.

3.1 Bayan Rasuwar Maigida

Thomas Reibey ya rasu ranar 5 ga Afrilu, 1811, bayan doguwar jinyar da ta biyo tafiyarsa ta ƙarshe zuwa Indiya. Bayan wata guda abokin jarinsa Wills ya bi shi. Mary ta rage da 'ya'ya bakwai, babbansu yana da shekara 15, ƙaramarsu tana goye, ga kuma kasuwanci mai rassa da yawa. A 1812 ta buɗe sabon ɗakin ajiyar kaya a titin George, wanda shi ne babban titin garin. Zuwa 1817 ta ƙara jirage biyu, John Palmer da Governor Macquarie. An ƙiyasta dukiyarta a wajen 1816 da fam 20,000, kuma zuwa 1820 tana riƙe da fili eka 1,000, rabinsa kyautar gwamnati.

Ba ta da wasa a kan bashi. A watan Mayu na 1817 kotu ta same ta da laifin dukan wani da take bi bashi a garin Windsor. A wannan shekarar dai, ranar 8 ga Afrilu, bankin farko na ƙasar, wato Bankin New South Wales, ya buɗe ƙofarsa a ɗakunan da ya karɓa haya a gidanta. Wannan banki shi ne ya koma Westpac a 1982. A 1825 aka naɗa ta cikin amintattun wata makarantar sakandare ta Sidni, abin da ke nuna cewa manyan gari sun fara karɓar ta.

Sa'ar da ta yi ita ce bunƙasarta ta zo daidai da mulkin Gwamna Lachlan Macquarie, daga 1810 zuwa 1821. Ra'ayin Macquarie shi ne, wanda ya gama wa'adinsa ya kuma gyara halinsa ya cancanci komawa matsayin da yake kafin laifinsa. Ya naɗa tsofaffin fursunoni kamar Andrew Thompson da Simeon Lord alƙalan majistare, ya ɗora Francis Greenway a kan zanen gine-ginen gwamnati, ya kuma jawo likita William Redfern kusa da shi. Wannan bai yi wa hafsoshin soja da manyan masu filaye daɗi ba. Koke-kokensu suna cikin abin da ya sa gwamnatin Landan ta turo John Thomas Bigge bincike a 1819, kuma rahotanninsa na 1822 da 1823 sun soki wannan sassauci. Daga nan iska ta fara juyawa.

4.0 Laƙabi da Matsayi

A ƙaramar al'umma irin ta Sidni, inda kowa ya san jirgin da ya kawo maƙwabcinsa, an ƙirƙiro kalmomi da dama don rarrabe mutane. Wani likitan jirgin ruwa, Peter Cunningham, ya tattara wasu daga cikinsu a littafinsa na 1827 mai suna Two Years in New South Wales. Wanda aka haifa a Birtaniya ana kiran sa "sterling", wato sunan kuɗin Ingila mai daraja. Wanda aka haifa a yankin kuwa "currency" ne, sunan takardun kuɗin gida da ba su kai na Ingila ƙima ba. Masu alfahari da cewa babu jinin fursuna a gidansu ana yi musu laƙabi da "pure merino", daga sunan wani irin tumaki masu kyakkyawan gashi da ba a gauraya su da wani iri ba. Akwai kuma ba'a a ciki: fursunoni su ne "legitimates", wato halastattu, tun da doka ce ta kawo su, waɗanda suka zo da kansu kuwa sai aka kira su da kishiyar kalmar.

Kalmomi biyu ne suka fi nauyi a siyasa. "Emancipist" shi ne tsohon fursunan da ya sami 'yanci, "exclusive" kuwa shi ne mai ra'ayin a nisanta irin waɗannan daga muƙamai da zaman manya. Ita kanta kalmar "convict", wato fursuna, ta zama zagi, har aka riƙa sakaya ta da "government man", mutumin gwamnati. Wannan sakayawa sananniyar hanya ce a harsuna: idan kalma ta ɗauki abin kunya sai a rufe ta da wata, ita ma sabuwar ba ta daɗewa take ɗaukar warin tsohuwar.

Batun ya wuce gori a bakin kasuwa. A 1820 kotun Sidni, a ƙarƙashin Mai Shari'a Barron Field, ta tsaya a kan cewa afuwar da gwamna ya yi wa fursuna ba ta mayar masa da ikon kai ƙara, sai in an tabbatar da ita da babban hatimin Ingila. Ma'anar haka ita ce, attajirin da ya fito daga wannan rukuni yana iya rasa hanyar karɓo bashinsa ko kare mallakarsa. Tsofaffin fursunoni sun yi taro a watan Janairu na 1821 a ƙarƙashin jagorancin Redfern, suka aika koke ga sarkin Ingila, kuma sai a 1823 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta warware matsalar. Duk mai dukiya da tabon kora a tarihinsa ya ga yadda kalma guda za ta iya girgiza abin da ya tara.

4.1 Tafiyar 1820 da Ƙidayar 1828

A cikin wannan yanayi ne Mary Reibey ta tafi Birtaniya a 1820 tare da 'ya'yanta mata biyu, Celia da Eliza. Wa'adinta ya daɗe da cika, saboda haka babu dokar da ta hana ta. Ta ziyarci danginta a Lancashire a matsayin attajira, ta kuma dawo Sidni a 1821. Wannan tafiya ita ce ta ba ta jirgi na biyu da shekara ta biyu.

Takardar ƙidayar 1828 ta tanadi rukunai daban-daban: wanda ya zo a ɗa, wanda aka haifa a yankin, wanda ya 'yantu ta hanyar cika wa'adi, mai cikakkiyar afuwa, mai afuwa bisa sharaɗi, mai takardar sassauci, da wanda yake ɗaure har lokacin. Rukunin da ya dace da ita shi ne na uku. Rukuni na farko aka rubuta mata. Da wuya a ce manyan Sidni ba su san asalinta ba, domin shekara 36 ke nan tana cikinsu. Abin da ya fi kama hankali shi ne, rajista ta fi mutanen da suka san labarin tsawon rai, kuma ita 'ya'ya da jikoki za su tarar. A lokacin 'ya'yanta mata suna auren hafsoshi da 'yan kasuwa, jikokinta kuma suna tasowa a cikin al'ummar da ke tambayar asali kafin aure da muƙami.

Tabon bai bar ta ta huta ba. A 1845 wani limamin coci a Ingila, Richard Cobbold, ya buga littafi a kan Margaret Catchpole, wata mata daga Suffolk da aka kora a 1801, ita ma saboda satar doki. Ainihin Catchpole ta rasu tun 1819 ba ta tara wata dukiya ba, amma littafin ya ƙare da cewa ta yi aure ta yi arziki. Nan da nan jita-jita ta bazu a Sidni cewa Mary Reibey ce ake nufi, abin da ya dame ta ƙwarai. Labarin wata ne aka jingina mata, sai dai ƙaryata shi yana buƙatar faɗin nata labarin, wanda shi ne take ɓoyewa. Ta rasu a unguwar Newtown ranar 30 ga Mayu, 1855, tana da shekara 78, bayan biyar daga cikin 'ya'yanta bakwai sun riga ta.

5.0 'Ya'ya da Jikoki

'Ya'yanta maza uku, Thomas da James da George, duk sun koma tsibirin da a lokacin ake kira Van Diemen's Land, suka bi sawun iyayensu a harkar jiragen ruwa da fatauci. Babbansu, Thomas na biyu, ya gina gida a Hadspen kusa da Launceston a 1819, ya sa masa sunan gidan mahaifinsa, Entally. Daga cikin mata, Celia ta auri Thomas Wills, ɗan abokin jarin mahaifinta, ta rasu a 1823. Autarsu, Elizabeth Ann, ta auri wani hafsan soja, Joseph Long Innes. A zuriya ta biyu ke nan gidan ya haɗa jini da ɓangarorin biyu na al'umma, tsofaffin fursunoni da hafsoshi.

A zuriya ta uku ne aka kai ƙololuwa. Thomas Reibey na uku, wanda aka haifa a 1821, an tura shi karatu Kwalejin Trinity ta Jami'ar Oxford. Ya dawo ya zama limamin cocin Angalika, a 1858 kuma aka ba shi babban muƙamin kula da yankin Launceston a ƙarƙashin bishop. A ƙarshen shekarun 1860 aka zarge shi da neman matar aure. Ya kai ƙarar ɓata suna a 1870, kotu ba ta ba shi gaskiya ba, ya ajiye muƙaminsa. Bayan shekara huɗu mutanen Westbury suka zaɓe shi ɗan majalisa, ya riƙe kujerar har 1903. Ya zama Firimiyan Tasmaniya daga Yuli 1876 zuwa Agusta 1877, ya kuma zama kakakin majalisa daga 1887 zuwa 1891. An san shi da son dawakin sukuwa, kuma dokin nan Malua, wanda ya ci Kofin Melbourne a 1884, ya taɓa zama nasa kafin ya sayar. Ya rasu a Entally a 1912 bai bar ɗa ba.

Ɗaya jikan, Joseph George Long Innes, ɗan Elizabeth Ann, an haife shi a Sidni a 1834. Ya karanta shari'a a Landan, ya zama Antoni Janar na New South Wales a 1873, aka ba shi sarautar "Sir" a 1875, sannan ya hau kujerar alƙalin Kotun Ƙoli ta yankin a 1881. Cikin ƙasa da shekara 90 daga saukar yarinyar da kotu ta kora, jikanta ya zama mai yanke hukunci da sunan sarautar da ta kore ta.

Abin da gidan Reibey ya yi, shi ne tsibirin da suka zauna a cikinsa ya yi gaba ɗaya. An daina kai fursunoni Van Diemen's Land a 1853. Da yake sunan ya riga ya zama daidai da sarƙa da bulala a kunnen mutanen Ingila, mazauna tsibirin suka nemi a sauya shi, kuma daga 1856 ya koma Tasmaniya. Thomas na uku an haife shi a ƙasa mai suna ɗaya, ya yi mulki a ƙasa mai wani sunan, alhali bai ƙaura ko'ina ba.

6.0 Masu Ƙasa

Akwai rukunin mutanen da ƙidayar 1828 ba ta yi musu gurbi ba, su ne 'yan asalin ƙasar. Tarihin gidan Reibey ba zai cika ba sai an ambace su, domin filin da ya mayar da fursuna mai gona yana da masu shi. Yankin Hawkesbury ƙasar mutanen Darug ce, waɗanda ke kiran kogin Dyarubbin. Annobar agana ta 1789 ta riga ta hallaka kusan rabin 'yan asalin kewayen Sidni, bisa ƙiyasin Gwamna Phillip. Da aka fara yanka gonaki a 1794, sai aka share bakin kogin da suke haƙar doyar daji aka shuka masara da alkama. Faɗa ya ɓarke, a 1795 aka tura soja, kuma rikicin ya ci gaba har 1816, shekarar da Macquarie, gwamnan da ya yi wa tsofaffin fursunoni adalci, ya aika rundunar da ta kashe aƙalla mutum 14 a Appin.

A Van Diemen's Land abin ya fi muni. A shekarun da gidan Entally ke bunƙasa ne aka yi yaƙin da ya kusan ƙarar da 'yan asalin tsibirin. An kafa dokar soja a 1828. A 1830 aka tara mutum fiye da 2,000 suka ja layi don su kora su zuwa lungu guda. Waɗanda suka rage an kwashe su zuwa tsibirin Flinders, kuma a 1847 mutum 47 kacal aka dawo da su daga can.

Kyautar fili da gwamna ke bayarwa ta ginu ne a kan ɗaukar cewa ƙasar ba ta da mai ita a idon doka. Wannan ma aikin kalma ne, kuma ya fi na ƙidayar 1828 tsawon rai, domin sai ranar 3 ga Yuni, 1992 Babbar Kotun Ostareliya ta rushe shi a shari'ar Mabo. Wanda aka kora daga ƙasarsa da ƙarfin doka, da ƙarfin dokar nan ya gaji ƙasar wani.

7.0 Juyin Ra'ayi

Har tsakiyar ƙarni na 20 iyalai da yawa a Ostareliya suna ɓoye kakan da ya zo a ɗaure, suna bin karin maganar nan da ke cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Daga shekarun 1970 abin ya fara sauyawa, yayin da binciken asali ya yaɗu, aka kuma sauƙaƙa wa jama'a duba rajistocin jiragen fursunoni. A 1982 Nance Irvine ta buga tarihin Mary Reibey. Bikin cika shekara 200 da zuwan ayarin farko, a 1988, ya zo daidai da fitowar littattafai irin su The Fatal Shore na Robert Hughes da Convict Workers wanda Stephen Nicholas ya tace, wanda ya nuna cewa da yawa daga cikin korarrun ma'aikata ne masu sana'a. A yau ana ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a ƙasar yana da kaka fursuna, kuma da yawa suna alfahari da haka.

A 1994 Babban Bankin Ostareliya ya sa hoton Mary Reibey a takardar dala 20, aka kuma bar shi a sabuwar takardar da ta fito a 2019. Gidan Entally ya zama gidan tarihi. A 2010 hukumar UNESCO ta sa wurare 11 na zamanin fursunoni cikin jerin kayan tarihin duniya.  Kalmar da ta guje wa a 1828 ita ce yanzu ake fara ambata idan an zo ba da labarinta.

8.0 Kammalawa

An ga yadda Molly Haydock ta zama James Burrow, sannan Mary Reibey, da yadda 'ya'yanta suka kafa reshen gidan a Tasmaniya, jikokinta biyu kuma suka kai ga kujerar firimiya da ta alƙalin kotun ƙoli. An ga cewa dukiya da aure da karatu su ne suka ɗaga gidan, amma sai da aka haɗa da gyaran abin da rajista za ta faɗa. An kuma ga cewa rufin asirin iri biyu ne: na asalin fursuna, wanda iyalai suka yi wa kansu, da na asalin filin, wanda hukuma ta yi wa kowa. Na farko ya yaye har ya zama abin tinƙaho. Na biyu kuwa, ko bayan hukuncin 1992, 'yan asalin ƙasar suna ci gaba da bin haƙƙinsu fili bayan fili a gaban kotu.

Ga mai nazarin harshe da tarihi, darasin yana cikin layin nan guda na ƙidayar 1828. Takardar hukuma tana iya zama gaskiya kalma bayan kalma, ta kuma ɓatar da mai karatu. Ba a gane abin da layin ya ɓoye ba sai da aka ajiye shi kusa da rajistar jirgin Royal Admiral da wasiƙar 1792. Saboda haka duk mai aiki da rajistocin zamanin mulkin mallaka, a kowace ƙasa, yana buƙatar ya tambayi wanda ya tsara rukunan, da abin da mai amsa zai samu ko ya rasa idan ya zaɓi ɗaya, da kuma waɗanda takardar ba ta yi musu gurbi ba tun farko.